Wankan Muzdalifa

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya na safe

Malama Jamila ce ta ce in riƙa rubutawa. Ita ce ma'aikaciyar jinyar da likita ya haɗa ni da ita a asibiti. Yarinya ce, da ƙyar in ta girmi ɗaliban da na fara koyarwa. Wai duk lokacin da abin ya taso mini in rubuta rana da lokaci da inda nake, sannan in ba tsoron maki daga ɗaya zuwa goma. Na ce mata shekara ashirin da biyu ina ba 'ya'yan mutane maki a aji uku, yau kuma ni za a ba aikin gida? Ta yi dariya. Ta ce a ƙarshe in rubuta ko na mutu ko ban mutu ba. Wallahi na ji haushin wannan maganar. Ita ba ta san yadda yake ba.

To ga shi na fara.

Abin da ya kai ni wurinsu shi ne ɗiyata Muzdalifa. Cikinta ya shiga wata takwas, haihuwar fari. A ƙa'ida gida za ta zo, nan Sabon Gari, in yi mata wankan jego kwana arba'in kamar yadda uwata ta yi mini. Amma ƙafafunta sun kumbura, jininta yana hawa, ma'aikatan asibitin can Tsafe sun ce kada ta hau mota. Mijinta Munzali ma ya ce ko lafiyarta lau ba zai ɗora ta a kan hanyar nan ba. Ban ga laifinsa ba. Ke nan ni zan je. Gusau zuwa Tsafe, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Ni kuwa wata goma ban wuce bakin layinmu ba sai zuwa asibiti, shi ma a bayan motar ƙanena Tukur, idona a rufe, yatsuna cikin kunne.

Sun ce saura mako biyar ta sauka.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Mataki na farko: in zauna a zaure, ƙofa a buɗe, minti goma, babura na wucewa.

Na farko ya wuce, shida. Na biyu, shida. Sai uku suka taho a jere. Ƙirjina ya matse kamar an ɗaure shi da igiyar guga, hannuwana suka yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Na san mutuwa ce. Kullum na san mutuwa ce. Tara.

Minti huɗu na yi na rufe ƙofa.

Ban mutu ba.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Minti bakwai. Takwas. Ban mutu ba.

Ƙaramar wayar da nake jiran kira a kanta wata goma tana caji. Ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Tukur ya zo daga kemis ɗinsa ya same ni a zaure ina zufa kamar mai daka.

Ya ce, "Yaya, wai wannan wahalar ta mece ce?"

Na ce aikin gida aka ba ni.

Ya fiddo wata 'yar leda daga aljihu, ƙwayoyi ƙanana farare. Ya ce, "Ranar tafiya ki haɗiyi ɗaya. Kafin ki ankara kin ga kanki Tsafe, Muzdalifa na ba ki ruwa. Mutane nawa nake ba wa? Har direbobi na kawo mini matansu."

Na ce ai likita ya ba ni tawa, ina sha kowace safiya.

Ya ce, "Waccan sai ta yi wata guda ko fiye kafin ta kama jiki. Jaririn jira zai yi?"

Tukur tun yana yaro haka yake, in an ce a kewaya ta ƙofa shi katanga zai haura. Amma shi ke barin shagonsa ya kai ni asibiti, shi ke kawo cefane, bai taɓa nuna ya gaji ba. Na karɓa don kada ransa ya ɓaci. Na saka su cikin kwanon sha na saman kabad, na kife wani a kai.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe sha biyu

Na nuna wa Malama Jamila ledar. Fuskarta ta canza. Ta tambayi wanda ya ba ni, na ce wani ne.

Ta ce, "Mama, ni ba gaba nake da magani ba. Ta safen nan ki ci gaba da sha, ko ta sa ki tashin zuciya, zai wuce. Amma wannan daban ce. Za ta kai jikinki Tsafe, gaskiya ne. Sai dai tsoron barci zai yi tare da ke, ya farka tare da ke, bai koyi komai ba. Kuma tana sa mantuwa. Ba a haɗa ta da aikin wuta, ba a haɗa ta da riƙon jariri."

Na ce to in lokaci ya ƙure fa?

Ta ce mu yi aiki kada ya ƙure.

Ta zana mini matakala a takarda, kamar yadda nake zana wa yara a allo. Zaure. Bakin layi. Tasha. Shataletalen Lalan. Damba. Daga nan sai ta ɗaga biro ta dube ni. Na ce ta rubuta mana, ai sunan gari ne, ba ya cizo. Ta rubuta Kwatarkwashi. Sannan Tsafe.

Ban ba ta ledar ba. Ta miƙo hannu, na yi kamar ban gani ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Zaure, minti ashirin. Ya hau tara, ya tsaya, sannan ya fara sauka da kansa. Bakwai. Biyar. Ina zaune ban motsa ba ya sauka! Ashe yana sauka. Wata goma ban taɓa tsayawa na ga saukarsa ba, kullum kafin ya kai nan na gudu.

Na kira Muzdalifa na gaya mata. Ta yi guɗa a waya, ja'irar.

Ta ce, "Inna, don Allah ke nake so ki yi mini. Hajiya Nana ta ce in ba za ki iya zuwa ba ita za ta yi, har ta sa Munzali ya sauke itace. Inna, hannunta fa kamar na mai sussuka."

Na ce ta yi wa uwar mijinta shiru, ba na son rashin kunya. Amma raina ya sosu. In ba zan iya zuwa ba? Wa ya gaya mata? Ni na haifi abata, ni zan gasa ta. Na san yawan sirkin da jikinta ke ɗauka tun tana tsumma.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Bakin layi, gindin mai kayan miya. Na sayi tattasai da hannuna. Ya ce, "Malama, kwana biyu, ko tafiya kika yi?" Na ce eh, tafiya na yi.

Bakwai, ya sauka huɗu. Ban mutu ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Masu rakiyar ango. Sun fi ashirin, suna ta murza babura.

Ba zan ba shi maki ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Jiya maƙwabciyata ce ta same ni a bayan duron ruwa, na duƙunƙune, na toshe bakina da zane. Ban san yadda na je can ba. Ta zuba mini ruwa a ka tana ta karanta Ayatul Kursiyyu. Yanzu duk layin nan an san Malama Sadiya na da iska.

Yau kuma Juwairiyya, ƙanwar marigayi maigidana, ta taso tun daga Bungudu da gorar rubutu da ƙullin hayaƙi. Na sha rubutun, ai sunan Allah ne. Da ta tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ta gyara zama ta ce dangi sun yi shawara, wata goma ba kwana goma ba ne, ya kamata a tara malamai a yi wa ɗan farina sadaka kowa ya huta. Ta faɗi sunansa. Sau uku ta faɗe shi a tsakar gidana, kamar tana kiran mai tallar goro.

Na ce, "Kin ga gawa?"

Ta ce, "Haba Sadiya, tawakkali ake yi."

Na ce, "Na tambaye ki, kin ga gawa?"

Na ɗauko mata mayafinta da kaina. Na san za ta kai ni gaba a Bungudu. Ta kai.

Wayar tana caji.

Litinin, 18 ga Agusta, da hantsi

Ban je asibiti ba. Ban fita zaure ba. Na ɗaga kwanon saman kabad na duba, na mayar.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe ɗaya

Malama Jamila ta kira ni da kanta. Ta ce komawa baya yana cikin tafiyar, ba faɗuwa jarrabawa ba ce. Na ce ta daina yi mini maganar makaranta, ni na san faɗuwa in na gan ta.

Sai na faɗa mata abin da ke cina tun farko. Na ce, "Ke kina koya mini kamar tsoron ƙadangare nake ji. Hanyar nan fa ba ƙarya ba ce. Abin da nake tsoro yana nan, da ƙafafunsa, da baburansa."

Ta ce, "Mama, ni ma iyayena a ƙauye suke. Ban ce miki hanya lafiya take ba. So nake ki ji tsoronta irin na kowa, irin wanda ake shiga mota da shi a yi addu'a a tafi. Naki ya hana ki sayen tattasai."

Na ajiye wayar. Amma da yamma na fita zaure.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe takwas na safe

Tasha. Tukur ya tsaya da mota a gefe, na buɗe ido, na cire yatsu daga kunne. 'Yan kamasho na ta ihu, Tsafe Funtuwa, Tsafe Funtuwa, saura mutum ɗaya. Na ga wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta shiga da buhun barkono da kaza biyu, tana faɗa a kan kujerar taga. Na ji kunya ta kama ni, sannan na ji ƙyashinta.

Takwas, ya sauka biyar. Ban mutu ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan azahar

Lalan. Sau uku na sa Tukur ya zaga shataletalen. Ya ce, "Yaya, 'yan sanda za su ce mun sha wani abu." Na yi dariya, a cikin mota, idona a buɗe.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

Damba. Daga nan gidaje sun fara ƙarewa, sai gonaki. Dawa ta yi tsawo bana, ta fi mutum. Ban so ganinta ba. Mun tsaya wurin masu gasa masara minti ashirin da biyar, har ya sauka huɗu. Na ci rabin masara.

Muzdalifa ta ce bayanta na ciwo. Na ce ta riƙa zagaya tsakar gida. Saura mako biyu in lissafinsu daidai ne. Mataki biyu ya rage mini.

Na sayi kanwa da kayan yaji a hanyar dawowa. Na daka da kaina.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Mun tafi da hantsi, lokacin da motoci suka fi yawa. Mun wuce Damba. Ina ta lissafin numfashi yadda aka koya mini. Sai dutsen Kwatarkwashi ya fito ta gaba.

Na ce Tukur ya tsaya, ƙa'idar ita ce in zauna har ya sauka. Ya ce, "Yaya, ba a tsayawa a nan." Na ce ya tsaya. Ya ce, "Wallahi ko za ki tsine mini ba zan tsaya ba." Ya juya motar a tsakiyar titi muka dawo. Ban san lokacin da na yi amai a jikin kujerarsa ba.

Gaskiyarsa ce. Malama Jamila ta zana mini matakin da ba a iya tsayawa a kansa.

Goma.

Laraba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba kuma zan nuna mata shafin ba.

A gidanmu ba a faɗin sunan ɗan fari. Kowa ya san wannan, amma uwata ta fi kowa tsanani, ko laƙabi ba ta yarda uwa ta kira ba. Haka na tashi, haka na yi. Shekara ashirin da huɗu, in ina son sa sai in ce da Muzdalifa, kira mini wancan. In ya gaishe ni sai in amsa ina kallon gefe. Ranar da ya gama karatu ban ce masa komai ba, na dai ƙara masa nama a miya. Ya gane. Kullum yana ganewa.

Ranar nan ni ina bakin gonarmu ta Kwatarkwashi wajen hanya, ina tsinkar wake. Shi yana can ƙarshe, ya ba ni baya, ya sa abin sauraren nan na waya a kunne ɗaya. Ni na fara jin baburan 'yan bindigar. Akwai lokaci. Wallahi akwai lokaci, dawar tana kusa da shi, taku goma.

Na buɗe baki. Na ce kai. Na ce kai yaro. Gonakin cike suke da yara, kowa na kiran wani kai yaro. Sunan yana nan a bakina, na ji shi a kan harshena, bai fito ba. Bakin bai san hanyarsa ba.

Sai wata mata ta fizge ni cikin dawa. Suka tafi da shi, har yau kiransu nake jira a ƙaramar wayar.

Mutane suna ganin har yanzu kunya ce ta hana ni faɗinsa. Suna yabona ma.

Alhamis, 28 ga Agusta

Ban tashi ba sai don salla.

Juma'a, 29 ga Agusta, ƙarfe tara da rabi na safe

Munzali ya kira. Naƙuda tun asuba, sun tafi asibiti, jinin ya hau sosai. Ya ce tana ta kirana. Mako biyu fa suka ce!

Na kira Malama Jamila sau huɗu, wayarta a kashe. Tukur na hanya.

Na haɗa kaya. Kanwa, yaji, zannuwa, ƙaramar wayar da cajarta.

Na sauko da kwanon.

Ɗaya ya ce. Na tuna dutsen. Na sha biyu.

Asabar, 30 ga Agusta, ƙarfe goma na safe, Tsafe

Mace ce. Uwa da ɗiya suna lafiya. Alhamdu lillahi.

An ce na iso kafin ta sauka. An ce a benci na zauna a ƙofar ɗakin haihuwa, kaina a jingine da bango. An ce ungozoma ta fito ta ce uwar mai naƙuda ta shigo, aka girgiza ni, na buɗe ido na ce to, na koma. Hajiya Nana ce ta shiga. An ce da aka fito da jaririyar an ɗora mini ita a cinya, na yi murmushi, na ce tubarkalla. Munzali ya nuna mini hoton a wayarsa. Ni ce. Mayafina ne, hannuna ne.

Ban tuna komai ba. Daga zauren gidana sai farkawa na yi yau a ɗakin baƙi, bakina a bushe.

Tukur ya kwana nan. Kafin ya koma ya tsuguna kusa da ni yana ta murza makullin mota. Ya ce, "Yaya, kin san abin da kika yi a hanya?" Na ce a'a. Ya ce da muka zo daidai dutsen na sauke gilashi, na fitar da kai, na yi ta kiran yaron. Da sunansa na yanka. Ya ce tun daga nan har muka wuce garin ban yi shiru ba, masu talla a bakin hanya suna ta kallo. Ya ce bai taɓa jin sunan a bakina ba, sai da ya rasa ganin titi don hawaye.

Na ce da ƙarfi na kira?

Ya ce da ƙarfi sosai.

Na kira shi ke nan, kuma ba ni da shi. Ko yadda ya fito ban sani ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

An sallamo su. Jaririyar doguwa ce, da gashi har goshi. Na riƙe ta ina sane wannan karon. Tana da nauyi.

Ban san shagon gyaran babur ɗin Munzali a jikin katangar gidan yake ba. Da na zo ganin ɗakinta a wata unguwa suke. Tun safe ake tayar da inji ana murzawa. Bakwai, takwas, bakwai. Ina zaune ina lissafin numfashi ina amsa barka.

Hajiya Nana ta ce, "Malama, ki huta gajiya, ni sai in fara mata gobe." Na ce na gode, abin da ya kawo ni ke nan. Ta dube ni ta ce to. Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ga yadda na iso jiya, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na yi!

Na hura wuta bayan asuba, gari shiru, ba a buɗe shago ba. Ruwa ya tafasa a babbar tukunya, na juye a baho, na sirka, na gwada da gwiwar hannu, na ƙara sirki kaɗan. Na tsinko ganyen darbejiya a bakin ƙofa. Ta zauna a kan turmi ta ba ni baya. Da na tsoma ganyen na fyaɗa mata na farko ta ce wash, sannan ta saki jiki. Na bi kafaɗu, na bi baya, na bi ƙugu. Tururi ya rufe mu.

Ta ce, "Inna, na san za ki zo."

Na ce ta yi shiru ta juya.

Ta ce, "Da Yaya na nan da shi zai faskara itacen nan." Na ci gaba da gasa ta. Ta kamo hannuna da ganyen a ciki ta riƙe, muka tsaya haka har ruwan ya fara hucewa, sai da na yi mata tsawa.

Na dama kunun kanwa, ta shanye kwano guda. Wata goma ban ji ni mutum ba ce sai yau.

Biyu. Ko ma ɗaya.

Lahadi, ƙarfe uku da rabi

Abokan Munzali 'yan acaɓa sun zo barka. Gaba ɗaya suka zo, suna ta oda, suka cika ƙofar gida suna murzawa don murna.

Na kai kaina makewayi kafin kowa ya gani. Na tsuguna. Na ce zai sauka, yana sauka, na ga saukarsa da idona. Bai sauka ba, su ma ba su tafi ba. Gidan cike da mata. In aka same ni a bayan duro a gidan surukai, wa zai sake ba ni ɗiyata?

Ragowar ƙwayoyin suna ƙulle a bakin ɗankwalina. Ɗaya kawai na sha. Wankan yamma sai ƙarfe biyar, kafin nan ta sake ni.

Litinin, 1 ga Satumba

Kafaɗar dama da rabin baya.

Litinin, bayan azahar

Na tuna na sirka. Har yanzu ina ganin hannuna yana ɗaga bokitin yana zubawa. Ashe na safe nake tunawa. Bokitin ruwan sanyi yana nan a bakin makewayi, cike fal, Hajiya Nana ce ta nuna mini shi.

Sau biyu na fyaɗa. A na farko ta ɗauke numfashi ba ta yi ƙara ba, ta zaci haka na yamma yake. Ta yarda da hannuna.

Fatar ta tashi. A asibiti sun wanke sun rufe, sun yi ta faɗa, sun ce ba ruwan zafi a wurin sam, sauran jiki ma sai mai ɗumi. Ma'aikaciyar ta tambayi wanda ya yi wankan. Kafin in buɗe baki Muzdalifa ta ce, "Ni na ce kada a sirka, an ce ya fi gyara jiki." Suka hau ta da faɗa, wai ga ta 'yar boko. Ta sunkuyar da kai ta shanye. Ina tsaye.

Ba ta iya kwanciya ta baya. In za ta ba da nono sai an riƙe mata jaririyar.

Na zuba ragowar a masai. Malama Jamila ta kira sau biyu, ta ga kirana na ranar Juma'a. Ban ɗauka ba. Me zan ce mata? Ta faɗa mini, da bakinta, da Hausa.

Munzali ya gaishe ni da rana kamar kullum, har ƙasa. Ya rufe shagon tun safe, bai ce don me ba. Na fi son ya zage ni.

Ɗazu na miƙa hannu zan ɗauki jaririyar tana kuka. Wata ƙanwar Munzali ta riga ni, ta ce, "Bar shi, Inna, kada ki wahala."

Talata, 2 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na safe

Na tashi in hura wuta na tarar an hura. Hajiya Nana ta riga ta juye ruwa, tana gwadawa da hannu. Na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi kwanan baƙunta. Ta shimfiɗa mini tabarma a bakin rumfa, ta sa aka kawo mini kunu.

Muzdalifa ta fito a hankali, zane a ƙirji, farin bandeji har wuya. Ta ce, "Inna, ina kwana." Na ce lafiya lau. Ta yi mini murmushi. Suka shiga, aka saki labulen buhu.

Taku biyar ne tsakanina da su. Ina jin ƙarar ruwa. Ina jin Hajiya na cewa ɗaga hannu, sannu, sannu ɗiyata. Sai ruwan ya gangara inda bai kamata ba, ko zanen ya goga, ban sani ba. Na ji ta ce, "Wayyo Inna!"

Na miƙe, kunun ya zube. Har na kama labulen.

Hajiya Nana ta ce daga ciki, a hankali, ba da faɗa ba, "Zauna abinki, Malama. Mun gode."

Na saurara ko Muzdalifa za ta ce wani abu.

Na koma na zauna.